Maigidana ya daina magana, uwarsa ta ce ni na mallake shi

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 11 da aure, 'ya'yanmu uku, muna zaune a Kano. Maigidana ɗan Kwari ne, atamfa da shadda yake sayarwa. Tun da dala ta tashi jarinsa ya fara zaizayewa, bara ya saki shagon, ga bashin mutane a kansa. Da mutum ne mai fara'a, in ya shigo gida har maƙwabta sai sun san ya dawo. Yanzu wata bakwai ke nan sai ya wuni a ɗaki fuska a bango. Ya bar majalisa, jam'i sai an yi da gaske, wanka ma sai na matsa. In na yi masa magana, daga "eh" sai "a'a". In na ce me na yi maka, ya ce ba komai. Shimfiɗa kuwa mun manta da ita. Wani lokaci a kan abu kaɗan sai ya hau ni da faɗa, har ya zage ni a gaban yara, abin da bai taɓa yi ba. Can cikin dare kuma ya tashe ni yana kuka, wai in yafe masa, shi kaya ne a kanmu, da ya mutu da mun huta.

Da ƙyar na lallaɓa shi muka je asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba shi magani. Kwana 10 ya sha ya ajiye, wai ba abin da yake sa shi sai barci da bushewar baki, kuma shi ba mahaukaci ba ne. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Hajiyarsa kuwa cewa take ni na mallake shi, ana ta aiko rubutu da hayaƙi, har ta fara zancen a yi masa wani auren. Da ɗinki nake ciyar da gidan, adashina ya tafi wajen biyan bashinsa, masu bin sa kuɗi lambata suke kira. Anti na gaji. Ba na barci, na fara dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Shin ya daina sona ne? In na tafi gidanmu na ci amanarsa?

Maman yara uku, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan zo kan tambayoyinki, amma akwai magana ɗaya a wasiƙarki da ba za ta jira ba, don haka da ita zan fara.

Ita ce "da na mutu da kun huta". Kada ki ɗauke ta a maganar wanda ya gaji kawai, kada kuma ki toshe masa baki da "subhanallahi, bar faɗin haka" ki juya ki kwanta. Mutumin da yake ganin kansa nauyi a kan iyalinsa, ga bashi, ga kunya, ga dare ba barci, yana cikin waɗanda likitoci suka fi sa wa ido. Ki bari yara su tafi makaranta, ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi kai tsaye da murya a kwance: "Baban yara, in ka ce da ka mutu, ka taɓa tunanin kashe kanka ne? Ka taɓa tunanin yadda za ka yi?" Na san harshenki zai yi nauyi, don mun taso ana ce mana ambaton abu kiransa ne. Amma masana sun daɗe da tabbatar da cewa wannan tambaya ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, saboda ya daɗe yana fama da abin shi kaɗai, yana jin kunyar Allah yana jin ta mutane. In ya ce eh, kada ki yi masa wa'azin wuta. Ya san hukuncin, ba jahilci ne ya kai shi nan ba. A ranar za ku koma asibiti, ba jibi ba, kuma kada a bar shi a gida shi kaɗai. Ko me ya amsa miki, yau ɗin nan ki tattara maganin ƙwari da na ɓera da duk ragowar ƙwayoyin da ke cikin kwabet ki fitar da su daga gidan. Maganin da likita ya ba shi ma ya dawo hannunki, a kulle, ki riƙa ba shi na rana ɗaya-ɗaya.

Rantsuwar da ya sa ki kuwa, ba a riƙe sirri a kan rai. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, to ya yi abin da ya fi alherin, ya yi kaffarar rantsuwarsa. Ki tambayi malamar Islamiyyarku yadda ake kaffarar, ki sauke wannan daga wuyanki.

To, ya daina sonki ne? Ki sake karanta wasiƙarki da kanki. Ba ke kaɗai ya bari ba. Ya bar majalisa, ya bar sahu, ya bar wanka. Namijin da ya gaji da mace ba haka yake yi ba, kin san su, na san su: wanka yake ƙarawa, turare ya sauya, waya ta sami lambar sirri, dare ya riƙa yi masa a waje. Naki yana kwance yana kallon bango.

Mutane suna jin "ciwon damuwa" sai su ɗauka ɓacin rai ne ya yi yawa. Ɓacin ran ɓangare ne kawai. Babban abin da ciwon yake yi shi ne ya ɗauke wa mutum daɗin komai. Kin san bakin mai zazzaɓi: ko dambun nama kika kai masa, ɗaci zai ji, kuma ba laifin mai girki ba ne. Haka hirarki da dariyar 'ya'yansa da muhawarar majalisa suka zame masa. Sannan tunani yana yin nauyi. Tambayar da ke kike ganin ba ta kai komai ba, irin "me za a dafa yau?", shi aiki ce a wurinsa, sai ya tattaro hankali, ya auna, ya zaɓa, kuma ƙarfin yin hakan ne babu. Shi ya sa amsar take fitowa "eh" ko "a'a", ko ma shiru. Abu na uku, wanda ya fi ɓata zaman aure, ciwon yana murɗe abin da kunne ya ji. Ke kin ce "shinkafa ta ƙare" don ya sani. Shi abin da ya ji shi ne "ka gaza". Ki tuna wane ne shi: mutumin da da yamma yake shigowa da leda a hannu, yara su rugo su tarye shi. Yanzu yana kwance yana jin ƙarar keken ɗinkinki har ƙarfe sha ɗaya na dare, ya san daga nan tuwon gobe zai fito. A wurinmu ƙimar namiji a ɗaure take da cefane, ko mun so ko mun ƙi. Faɗan da yake yi miki, mafi yawansa haushin kansa ne ya rasa inda zai sauke. A maza ciwon nan yakan fito ta hanyar saurin fushi fiye da ta hawaye, shi ya sa iyalai da yawa ba sa gane shi sai ya yi nisa.

Shimfiɗa ma cikin lissafin take. Ɗaukewar sha'awa alama ce ta ciwon, wasu magungunan kuma suna ƙara rage ta. Kada ki ɓarnatar da kuɗin ɗinkinki a kan kayan mata, matsalar ba a jikinki take ba. Kada kuma a ɗura masa maganin maza na bakin titi a kan na asibiti.

Yanzu ga inda nake so ki gyara, kuma ba don ke kika jawo ciwon ba. Ki yi ritayar tambayar nan ta "me na yi maka?" Na san daga tsoro take fitowa. Amma dubi yadda take zagayawa: kin tambaya, shi ya ji an buɗe masa sabuwar tuhuma, wato ban da gazawa a kasuwa ya gaza a wajen matarsa ma, sai ya ƙara shigewa ciki, ke kuma shirun ya ƙara tayar miki da hankali, ki sake tambaya da murya mafi ƙarfi. A haka har a kai ga zagi. A Ingila, a 1986, wata masaniya mai suna Jill Hooley da abokan aikinta sun bibiyi masu wannan ciwo da aka sallama daga asibiti tsawon wata 9. Waɗanda abokan aurensu ke yawan sukarsu, sama da rabi ciwon ya dawo musu. Waɗanda ba sa shan suka, ba wanda ya dawo wa a wannan tsakanin. Mutanen da aka yi binciken a kansu ba su da yawa, amma darasin ya zauna: yadda ake magana a cikin gida yana shiga cikin jinya.

Ba cewa nake ki zama kurma ko ki riƙa lallaɓa shi kamar jariri ba, wannan ma wulaƙanci ne a wurin magidanci. Ki rage tambayoyi masu buɗaɗɗen baki, ki koma gajerun maganganu da ba sa neman amsa. Maimakon "wai har yanzu kana kwance?", ki ce "na kai ruwa bayi, da ɗuminsa." Maimakon "me ke damunka?", ki ce "na ga yau da nauyi, ina tsakar gida in kana so na." In za ki nemi abu, ki nemi ɗaya, ƙarami, mai lokaci: "bayan la'asar ka raka ƙaramin nan Islamiyya." In ya yi, "sannu, na gode" ta wadatar, ban da guɗa. In bai yi ba, ki bari gobe ki sake. Masu jinyar wannan ciwo sun san cewa jiran sai mutum ya ji sha'awar yin abu kafin ya yi ɓata lokaci ne. Motsin ne yake fara zuwa, jin daɗin ya biyo baya a hankali. Tafiyar minti goma zuwa bakin layi da dawowa tana cikin magani. Kuma ki bar masa wani abu na maigida a hannunsa, ko da sa hannu a takardar sakamakon yara ne ko karanta musu hadda. In kika karɓe komai don tausayi, kin tabbatar masa da abin da ciwon yake raɗa masa, cewa gidan ba ya bukatarsa.

Maganar magani. Kwana 10 bai isa a yanke hukunci ba. Magungunan damuwa haka suke: illar ce take fara sallama, amfanin sai bayan mako 2 zuwa 4, wani ma sai ya kai 6. Ya sha wahalar ya ajiye kafin ribar ta iso, kuma mutane da yawa a nan suke faɗuwa, musamman in layi ya yi tsawo likita bai sami sararin yin bayani ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kin ga dole bayani ya gajarta. Yawan barci da bushewar baki sanannun illoli ne na tsofaffin magunguna irin amitriptyline. Likita zai iya rage yawansa, ko ya mayar da shi na dare, ko ya sauya masa wani irin fluoxetine. Likita na ce, ba mai kemis ba, ba kuma maƙwabciyar da mijinta ya taɓa sha ba. In ya samu sauƙi ma akan ci gaba da sha aƙalla wata 6, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Ki gaya masa waɗannan ba kayan maye ba ne irin tramadol da kodin, ba sa bugarwa.

Ki shiga ɗakin likitan tare da shi, da 'yar takarda a hannu, don mai wannan ciwo in an ce "ya jiki?" cewa zai yi "alhamdulillahi" a tashi. Ki faɗi maganar mutuwar. Ki faɗi zagin. Ki faɗi ko kin ga yana shan wani abu don ya yi barci. Ki tuna ko a baya ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, surutu ya yi yawa, yana kashe kuɗi ba lissafi. In ya taɓa, lallai likita ya sani, domin wannan yana sauya irin maganin da za a ba shi. Ki nemi a duba jininsa da suga da maƙoƙo, wani lokaci suna da hannu. Ki kuma tambaya ko akwai masanin halayyar ɗan Adam da zai riƙa zama da shi, don jinya ta hanyar tattaunawa tana aiki, kuma akwai abin da namiji zai faɗa wa bare wanda ba zai faɗa wa matarsa ba. In sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ne ke firgita shi, kin san yadda Kanawa suka mayar da sunan abin tsokana, akwai sashen a Asibitin Malam Aminu Kano, inda mai shiga ba a san wane ɗaki ya nufa ba. Batun "ni ba mahaukaci ba ne" kuwa, ki ce masa gaskiyarsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya ƙiyasta masu ciwon damuwa a Najeriya sun haura miliyan 7, kusan mutum 4 cikin 100. Suna cikin kasuwa, suna cikin ofis, suna sahun gaba a masallaci.

Yanzu mu zo kanki, don na lura wasiƙarki kusan duk shi ce, ke sai a layi biyun ƙarshe.

Akwai abin da ciwo ya ƙwace masa, akwai abin da har yanzu yake hannunsa, kuma zamanki zai yi sauƙi ranar da kika raba su. Fara'a, hira, sha'awa, kuɗi: waɗannan ba shi da su yanzu, neman su a wurinsa wahalar da kai ne. Amma riƙe harshe daga zaginki a gaban 'ya'yanki, da bin ki asibiti, da haɗiye ƙwaya ɗaya da ruwa, waɗannan yana iyawa, ko da da ƙyar. Ciwo yana bayyana dalilin zagi, ba ya halatta shi. Mata da yawa a nan suke ruɗewa, su ce tunda ba shi da lafiya sai a shanye komai, su yi ta shanyewa har ranar da za su fashe su bar gidan gaba ɗaya. Gara ki ja layin tun kina da sauran tausayinsa.

Ba a tsakiyar faɗa ake jan sa ba. Ki bari ranar da ya ɗan sake, ki ce: "Na san ciwo ne ke cinka, kuma ba inda za ni. Amma zagi ba zan zauna masa ba. Duk ranar da ka fara, zan kwashi yara mu koma ɗaya ɗakin, in ka huce mu yi magana." Shi ke nan, ban da tone-tonen na watan jiya. Ranar da ya fara kuwa ki tashi ki yi abin da kika ce, ba ramuwa, ba buga ƙofa, ba gaba ta kwana uku. In ya huce ki kawo masa abincinsa kamar kullum. Abin da zai sa ya yi aiki shi ne ki yi shi kowane lokaci, ba yau ki tashi gobe ki zauna kina kuka ba. Wannan ma taimakonsa ne: kowane zagi da ya fita bakinsa, shi ne yake dawo masa da tsakar dare ya zama hujjar cewa shi mugu ne. In kuwa abin ya kai ga ɗaga hannu, wannan wani babi ne daban. Ranar ki fita da yaranki, waliyyinki ya ji, ba sai kin nemi shawarar kowa ba.

Tashin dare ma yana son iyaka. Ki saurare shi na ɗan lokaci, ki ce "na yafe, Allah ya yafe mana, mu kwanta, da safe mu ƙarasa." Zai so ki maimaita masa sau goma cewa ba ki gaji da shi ba. Na goman ba zai ƙosar da shi fiye da na farkon ba, don ciwon ne ke zubar da shi, ke kuma ki wayi gari ido jawur ki hau keke. Sai fa in zancen mutuwa ya shigo, wannan ba a ɗaga shi zuwa safiya.

Masu bin bashi. Bashin da miji ya ci a kasuwa ba na matarsa ba ne, a shari'a ko a doka, sai in ke kika tsaya masa. Abin da kika biya da adashinki alheri ne, Allah ya ba ki lada, amma ya isa haka. Kuɗin zare da na gyaran keke da na abincin yara kada su sake shiga wannan rami, in jarinki ya bi nasa gidan ya zauna ke nan. Wanda ya kira ki, ki gaishe shi da mutunci ki ce: "Alhaji, ba shi da lafiya, ga lambar wansa, da shi za ku yi magana." Maza su zauna da dattawan layinsu na kasuwa a rubuta abin da kowa yake bi, a tsara yadda za a biya. 'Yan kasuwa sun san karyewa, ba yau aka fara ba, kuma Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Bashin da aka rubuta a takarda aka san iyakarsa ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda yake yawo a kai da daddare.

Kin ga na ambaci wansa. Da gangan ne. A ganina abin da ya fi cinye ki ba shirunsa ba ne, rufin asirin ne. Wata bakwai ke ce matar, ke ce mai jinya, ke ce mai cefane, ke ce mai amsa waya, sannan ke ce abar zargi, kuma an hana ki buɗe baki. A Amurka, a 1987, James Coyne da abokan aikinsa sun auna mutanen da ke zaune da masu wannan ciwo, suka samu kusan kashi 40 cikin 100 su ma sun kai matsayin bukatar taimakon masana. Rashin barcinki da saurin hannunki a kan yara ba mugun hali ba ne ya same ki, alama ce kaya sun fi ƙarfinki. Ki zaɓi mutum biyu. Ɗaya daga ɓangarensa, namiji mai riƙe magana wanda yake jin nauyinsa, wansa ko amininsa. Ɗaya daga naki, yayarki ko gwaggonki, wadda ba za ta kai zancen gidan biki ba. Ki sanar da shi kafin ki yi, sanarwa ba neman izini ba: "Ba zan iya ni kaɗai ba. Zan gaya wa Yaya, shi kaɗai." Zai yi fushi. Fushin nan ya fi sauƙi a kan abin da ɓoyon zai iya haifarwa. Ki tuna Ummu Darda'i, matar sahabi Abu Darda'i, ba ta ɓoye wa Salmanul Farisi halin da take ciki ba lokacin da ya gan ta a yamutse. Ta ce ɗan'uwanka ba shi da bukatar duniya. Salmanu ya kwana a gidan, ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, kansa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, Annabi (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Dalilin Abu Darda'i ibada ce, ba ciwo ba, amma ki lura ba wanda ya ce matar ta tona asirin miji.

Aikin aminin ba wa'azi ba ne. Ya riƙa zuwa ranar Juma'a ya ce "tashi mu tafi", in ya ƙi ya zauna da shi rabin awa ko ba a ce komai ba, mako mai zuwa ya dawo.

Hajiya kuwa, ki sassauta mata a zuciyarki ko da maganarta ta yi ciwo. Uwa ce ta ga ɗanta ya sauya, ba wanda ya ba ta bayani, sai ta ɗauki bayanin da ya fi kusa da hannu, kuma a ƙasar nan bayanin da ya fi kusa da hannu kullum matar ɗa ce. Ku ma da kuka ɓoye mata maganar likita kun bar mata filin. Kada ki tsaya wanke kanki a gabanta, ba daga bakinki za ta karɓa ba. Wansa ne zai gaya mata, in da hali ya ɗauko ta ranar komawa asibiti ta ji daga bakin likita, ta kuma ga irin mutanen da ke kan benci, masu manyan riguna da hijabai kamar kowa. In ta ce wannan ciwon Turawa ne, a gaya mata Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan baƙin cikin da ke kwantar da mutum ya hana shi jin daɗin komai, ya kuma ce akwai nau'insa da sai an haɗa da maganin jiki. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani ba sa faɗa da ƙwayar asibiti, ki bar ta ta yi, ki ma taya ta, uwa tana bukatar ta ji tana yin wani abu. Inda za ku tsaya kai da fata, ke da wan nasa, wuri uku ne: duk mai maganin da ya ce a ajiye na asibiti, duk jiƙo ko hayaƙin da ba a san abin da ke ciki ba, da duk wanda ya ce a kai shi wani gida a tsare. Ba mu manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, ɗaruruwan mutane, wasu da mari a ƙafa.

Zancen ƙarin aure ba na yanzu ba ne, kuma ba don kishi na faɗa ba. Mutumin da wanka ke gagara, a ɗora masa lefe da rabon kwana? A wannan hali ba a yanke babban hukunci, ko aure, ko sayar da gida, ko saki. In wata rana kalmar saki ta fita daga bakinsa, ko ya ce ki tafi ki huta da shi, kada ki yanke wa kanki hukunci kada kuma ƙawaye su yanke miki. A je wurin malami masani ko alƙali, a gaya masa har da maganar ciwon.

Tafiya gida cin amana ce? Ya danganta da irin tafiyar. Yaji, wato ki fita cikin fushi ki kashe waya a jira biko, a halin da yake ciki yana da haɗari, don zai karanta shi a matsayin tabbacin abin da yake faɗa da daddare. Kuma bikon ma ba zai iya ba. Amma ki je gidanku kwana uku ko huɗu ki yi barci, wani ya dafa ki ci, wannan haƙƙinki ne, kuma ina ganin kin makara ma. Sharaɗin shi ne a tsara: ya san ranar tafiya da ranar dawowa, ƙaninsa ko wansa ya kwana a gidan, magani yana hannun wanda zai kwana, kuma an riga an koma wurin likita. In bayan an yi duk wannan, watanni suka wuce ya ƙi magani, ya ƙi likita, zagin bai tsaya ba, to lokacin manya daga ɓangarori biyu za su zauna kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara, kuma ba wanda zai ce ba ki yi naki ba. Amma ba ku kai nan ba. Ciwon nan yana jin magani, mafi yawan waɗanda suka tsaya a kan jinya suna samun sauƙi sosai.

Yaran sun san akwai abin da ke faruwa, kuma yaro in ba a gaya masa dalili ba kansa yake ɗora wa laifi. Ki tara su ki ce: "Baba ba shi da lafiya, ciwon yana sa shi gajiya da saurin fushi. Ba ku kuka jawo ba, yana shan magani." Babban cikinsu kada ki mayar da shi abokin kukanki ko ɗan aike tsakaninki da ubansa. In kin ji hannunki na ƙaiƙayi, ki fita tsakar gida ki yi alwala kafin ki dawo kansu. Ranar da za ku koma asibiti kuma ki yanki kati biyu, ɗaya nasa ɗaya naki, ki gaya wa likita tun yaushe rabonki da barcin kirki.